Gidan da Kawu Ya Auna da Ƙafa

Ranar da Huseina ta ce a kira safiyo ya auna gidan kafin a biya kuɗi, mijinta Mukhtar ya ajiye ludayin kokonsa ya dube ta kamar ta ce a kira 'yan sanda.

"Safiyo? A gidan Kawu?"

"A gidan da zan saya dai, Baban Salma. Na je na tambaya. Akwai wani Malam Mahdi a bakin tasha, ya ce dubu tamanin ne. Zai zo da na'urarsa, ya kira maƙwabta kowa ya nuna iyakarsa, ya kafa turakun siminti a kowace kusurwa, sannan ya ba mu zanen gidan. Kuɗin ma na ware su daban."

"Dubu tamanin! Don mutum ya kanne ido ɗaya ya leƙa wani ƙarfe mai ƙafa uku? Ni da nake zirga-zirga da babur tsakanin Rano da Rurum, yaushe rabon da in ga dubu tamanin a dunƙule? Kuma ba ma ta kuɗin nake ba. Kawu Ishiyaku fa yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya yanka ragon sunana. Yau in kwaso masa mai awo in ce Kawu tsaya a gwada maganarka? Ki ce kawai in je ƙofar masallaci in kira shi maƙaryaci."

"Ni ban ce maƙaryaci ba ne. Shanu uku na sayar. Su ne kaf abin da Baffa ya bar mini, in sun tafi ba ni da wasu."

"To ai shi ya sa za a saya a hannun na gida. Da bare ne, ni da kaina zan goyo miki safiyon a bayan babur."

Huseina 'yar Fulanin Rurum ce da aure ya kawo cikin garin Rano. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sana'ar da ba ta son matsi: tana son filin shanya, tana son ruwa, tana son murhun da hayaƙinsa zai tashi ba tare da matar mai gida ta fito tana tarin ƙarya ba. Zaman haya ya kai mata iya wuya. Da rabonta na gadon mahaifinta Manu ya zo hannu, ta ce gida za ta saya, ko sama da ƙasa za su haɗe. Sai ga Kawu Ishiyaku ya ce zai rabu da tsohon gidansu na gado: zaure, ɗaki biyu, tsakar gida mai faɗi, rijiya, madafa, da banɗaki can a kusurwa. Miliyan biyu da rabi ya yanka masa, ya ce wannan ma don na gida ne.

Mu mutanen nan muna da wani hali da ke ba ni haushi. Mace za ta sayi atamfa ta sa a ware mata a gabanta ta ga ko an rage. Za ta sayi gero ta ce a girgiza tiya, a ƙara tozo. Amma gida sukutum, in dai ɗan'uwa ne mai sayarwa, sai a ce auna shi rashin kunya ne. Ita kuwa kunyar nan kullum a aljihun mai biya take, ban taɓa ganin ta taɓa aljihun mai karɓa ba.

Maganar ba ta kwana ba ta isa kunnen Inna Maijidda, uwar Mukhtar. Ta zo da kanta, mayafi a kafaɗa, ko kallon ruwan da aka kawo mata ba ta yi ba.

"Ke 'yar nan, haka kuke yi a rugarku? Mu a gidanmu ba a yi wa babba awo. Yaya da ya ga haihuwar mijinki shi zai cuce ki? Mutum nawa suka zo neman gidan nan ya hana, ya ce sai ɗan ƙanwarsa?"

Huseina ta sunkuyar da kai, domin ba a ja-in-ja da suruka.

"Ki yi haƙuri, Inna. An bar maganar."

Ranar ciniki Kawu Ishiyaku ya iso da mai unguwa da shaidu. Dattijo ne mai farin gemu da dogon carbi, ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya. Ya ce ya ji labarin ana son awo, to shi zai yi awon da kansa don hankalin 'yarsa ya kwanta. Ya tattare babbar rigarsa, ya yi bisimilla, ya soma taku daga jikin zaure. Ya ratsa tsakar gida, ya wuce rijiya, ya wuce madafa, bai tsaya ba sai da hancinsa ya kusa taɓa katangar baya.

"Daga can zuwa nan duk naki ne, 'yata. Ƙafar nan tawa ta auna gonaki a Kibiya tun ba a haifi safiyonku ba, kuma ko sisi ba ta karɓa."

Shaidu suka yi dariya. Mai unguwa kuwa ya shagala da ɓare goro. Huseina ta miƙa kuɗin shanunta daga bayan ƙofa, aka shafa fatiha.

Dubu tamanin ɗin da ta ware kuwa, Mukhtar ya ce tunda Kawu ya hutar da su, sai a gode wa Allah da su. Aka sayi ɗan akuya, aka dafa shinkafa, aka ɗauko hayar kujeru da lasifika, aka yi walimar shiga gida. Kafin la'asar unguwa ta cinye safiyo da na'urarsa da turakunsa, ta kora da lemo. Cinyar akuya Kawu aka kai wa, ya ci ya sa albarka.

Gaskiya Huseina ta ji daɗin gidan nan, na ɗan lokaci. Ta ja ruwa a rijiyarta, ta shanya gyaɗarta son ranta, hayaƙinta ya tashi babu mai tari. Matan da ke sarar mai suna kaiwa kasuwar Kibiya suka riƙa yi mata layi. Har ƙiba ta ɗan yi.

Wata safiya bayan an gama girbi, mota ta tsaya a ƙofar gidan. Wani matashi mai gilashi ya fito, bayansa mai unguwa, da tsohon limamin unguwa ana riƙe da hannunsa, da wani mutum ɗauke da ƙarfe mai ƙafa uku. Matashin Jabiru ne, ɗan marigayi ƙanen Kawu Ishiyaku, shi Jabirun ya tafi Fatakwal tun yana saurayi har aka daina lissafi da shi.

Mukhtar ya fito yana washe baki, don taubashinsa ne.

"Kai, ɗan Kudu! Ashe kana raye? Wace tsarabar ka kawo wa ubangidanka?"

"Tsaraba tana mota. Amma yau ba wasa ya kawo ni ba, Mukhtar. Rabon babana na zo cirewa a gidan nan, zan yi gini."

"Wane rabon? Gidan nan matata ta saya a hannun Kawu, kaf ɗinsa."

"Kawu ya sayar da nasa, wannan ba ruwana. Malam liman, don Allah a gaya masa."

Liman ya yi bayani a hankali, muryarsa tana rawa. Lokacin da kakansu ya rasu aka raba gado, matan gida aka ba su gona, gidan kuma aka raba shi tsakanin maza biyun. A wancan zamani ba a san siminti ba, sai aka fasa wani tsohon dutsen niƙa gida biyu, aka binne ɓari ɗaya a gindin katangar kudu, ɗaya a gindin ta arewa. Abin da ke gabas da duwatsun na Ishiyaku ne, abin da ke yamma na ƙanensa. Ba a ja katanga a tsakani ba saboda 'yan'uwa ne, tukunya ɗaya suke ci. Ya ce Ishiyaku da hannunsa ya tura ƙasa a ramin.

Aka kawo diga. Ɓarin farko ya fito a daidai inda Huseina ke ajiye turminta. Na biyu ya fito dab da ƙofar ɗakinta. Aka haɗa su suka zauna daram.

"Haka ne," in ji mai unguwa yana gyaɗa kai. "An yi haka. Yanzu na tuna."

Tunanin mai unguwarmu irin wanda sai an sa masa diga yake fitowa ne.

Mai ƙarfe mai ƙafa uku ya kafa na'urarsa, ya kanne ido, ya ja igiya daga rami zuwa rami, ya bi ta da jan fenti. Rijiya ta faɗa ɓangaren Jabiru. Madafa ta bi ta. Banɗaki ya bi su. Huseina tana tsaye a bakin ɗaki da ludayin suya a hannu, tana kallon gidanta yana tafiya yamma. Da mutumin ya ɗago ya gan ta, sai ya gane ta.

"Hajiya, ba ke ce kika zo wajena bara kina tambayar kuɗin awo ba?"

"Ni ce, Malam Mahdi."

"Allah sarki. Da na zo, dattawan unguwa zan fara tambaya. Da tun ranar an tono wannan."

Ya ci gaba da aikinsa. Jabiru ya matso, ya cire gilashi, ya rusuna kaɗan.

"Maman Salma, wallahi ban ji daɗi ba. Amma ni ban ci naki ba, gadon ubana ne. Wanda ya karɓi kuɗinki shi za ki nema."

Washegari Mukhtar ya goya ta a babur suka nufi Kibiya, inda Kawu ya kafa sabon injin niƙa fil, mai jan fenti shi ma. Tun a hanya Mukhtar yake kumfar baki, yana cewa yau Kawu zai san ya taɓa iyalinsa. Suna isa ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, muryarsa ta koma ta ɗan makaranta. Da ƙyar ya haɗa maganar. Kawu ya sa aka kashe inji, ya yi gyaran murya, ya ja carbi.

"Dutsen niƙa? Ikon Allah! Ka ga tsufa ko? Wallahi ya shige mini. Ranar nan ina cikin taku, ƙafa ce ta zarce, 'yata. Ɗan Adam ke nan."

Huseina ta ce, a hankali, kanta a ƙasa: "To Kawu, kuɗin inda ƙafar ta zarce fa?"

"Kuɗi? Ai ga su nan kina gani, sun zama ƙarfe. In kwance inji in ba ki kusoshi? Ku dai yi haƙuri, a bar wa Allah. Duk abin da ya samu bawa rubutacce ne."

"Haka ne, Kawu," in ji Mukhtar. "Allah ya ƙara lafiya."

Da za su tafi Kawu ya sa aka ɗebo musu garin masara a leda, ya ce a yi wa yara tuwo. Mukhtar ya karɓa hannu bibbiyu yana godiya. Huseina ta riƙe ledar a cinyarta har Rano, hawaye na ɗiga a kai.

Jabiru da kuɗinsa ya zo, saboda haka katangar bulo ta tashi kafin a ankara. Abin da ya rage wa Huseina shi ne zaure, ɗaki biyu, da wani siririn lungu wanda in ta shanya zani sai ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashinsa. Ta bayan katanga tana jin ƙarar guga a rijiyarta, leburori suna jan ruwan kwaɓa siminti. Ita kuma ta koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa, kowace jarka tana tafiya da ribar kwalbar mai.

Girki da suya suka koma zaure. Bango ya yi baƙi, idanunta suka yi ja, Mukhtar ya fara ƙorafin cewa babur ɗinsa yana ƙaurin ƙuli, fasinjoji suna yi masa tsiya.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan maganar banɗaki. Mukhtar namiji ne, yana da na masallaci, yana da na tasha, bai ma lura akwai matsala ba. Huseina kuwa sai ta ɗauki buta ta ja yara su shiga gidan maƙwabciyarsu Jannatu. Da farko Jannatu cewa take, "Haba, ai gidanku ne." Daga baya ta fara amsa sallama a ciki-ciki. Daga baya kuma sai a tarar da ƙofa a sakaye. Yaran layi suka samu abin yi, suna hango su sai su ce ga masu buta nan. Macen da ko abinci ba ta iya ci a gaban surukanta, yau ita ce duk unguwa ta san lokacin da cikinta ya motsa. Sai ta rage ci. Ta rage shan ruwa. Ta wuni a gaban wuta da busasshen maƙogwaro don kada ta buƙaci fita. Ƙibar nan da ta ɗan yi ta zube, har da ƙari.

Da abin ya ishe ta, ta sa hijabi wata safiya ta ce gaban alƙali za ta. Mukhtar ya fice da gudu, ba a jima ba sai ga Inna ta zo ta zauna a bakin zaure, ta miƙe ƙafa ta tare hanya.

"Sai dai ki tsallake ni. Yaya za ki kai kotu, da furfurarsa? A ce a garin nan matar ɗana ta tsayar da ɗan'uwana gaban alƙali?"

"Inna, rabin gida ya tafi. Dukiyar marainiya ce."

"To wa ya san yaron nan zai dawo? Duk mun ɗauka ya zama ɗan can. Da bai dawo ba, ai da kina nan kina shan rijiyarki, wa zai ce miki kanzil?"

Huseina ta ɗago kai. Wannan ne karo na farko da ta kalli surukarta ido cikin ido.

"Ashe kin sani, Inna?"

"Kada ki yi mini rashin kunya! Kai Mukhtar, ka ji da kunnenka. In ta taka ƙofar kotu kuma ta sake kwana a ɗakinka, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Mukhtar ya tsaya yana murza makullin babur.

"Kin dai ji, Huseina. Ni ba zan shiga wuta saboda rijiya ba. In kin fita, ki wuce Rurum kawai."

Rurum wajen wa? Baffa ya rasu, shanu sun tafi, yara ƙanana. Ta tsaya ta yi wannan lissafin a tsaye, sannan ta koma ɗaki ta cire hijabin ta ninke.

Don a nuna mata ana tausayinta, Mukhtar ya kira masu haƙa suka yi masai a ƙarshen lungun, taku kaɗan daga inda take matsar mai. Ya kewaye shi da tsohon langa-langa, ya tsaya yana jiran godiya. Ba a daɗe ba labari ya isa kasuwar Kibiya cewa man Huseina a bakin masai ake matse shi. Masu sari suka janye ɗaya bayan ɗaya, kowace da uzurinta mai daɗi. Wata ta ce jari ya karye, wata ta ce miji ya hana fita. Huseina ta gan su da idonta suna shiga gidan wata mai man a bayan layi.

Sai damina ta sauka. A nan aka gane cewa rariyar da ke fitar da ruwan gidan ita ma tana ɓangaren Jabiru, katanga ta toshe hanyarta. Ruwan farko ya taru a lungu, ya rasa mafita, ya shiga ɗaki. Na biyu ya haɗu da na masai suka shigo tare. Huseina ta kwashe da kwano, ta kwashe da bokiti, ta ɗora katifa a kan turmi da kujera. Gyaɗar da ta rage ta yi funfuna. Bangon ɗaki ya jiƙe ya tsage tun daga sama har ƙasa. Sauro ya samu gida, Salma ta kwanta da zazzaɓi, ta tashi, ƙanenta ya karɓa.

Ranar da suka dawo daga asibiti da yaron a bayanta, ta tarar da Mukhtar a zaure yana goge babur. Ta tsaya a kansa.

"Baban Salma, dubu tamanin. Da ka bar ni na biya dubu tamanin, da duk wannan bai same mu ba."

Ya ɗago, ransa a ɓace, kamar shi aka zalunta.

"To ke ma ai ba ki dage ba. Da kin dage, da na yarda. Daga an yi miki magana sau ɗaya sai kika ce an bar maganar. Mutum da kuɗinsa ba ya tsayawa a kan ra'ayinsa?"

Ni dai na sha jin uzuri a duniya, amma wannan ya fi ƙarfina. Huseina ta wuce ɗaki ta kwantar da yaro a inda ruwa bai kai ba.

Da bangon ya fara zubar da ƙasa a kan gado, aka kira taron dangi a gidan Inna. Maza a kan tabarma, Huseina a rakuɓe a bakin ƙofa. Kawu ya zo daga Kibiya da sabuwar hula. Ya yi gyaran murya ya ce abin nan yana hana shi barci, kuma shi ba zai zuba ido jikokinsa su kwana a ƙarƙashin bangon da zai faɗo ba. Saboda haka ya yanke shawara zai rufa musu asiri, zai karɓi gidan ya ba su kuɗi su nemi wani wuri.

"Allahu akbar," in ji Inna tana share ido. "Kun ji zumunci."

"Sai dai a duba gaskiya," in ji Kawu. "Gida ba rijiya, ba madafa, ba rariya, bango a tsage. Wa zai saya? Amma saboda na gida ne, zan ba da dubu ɗari tara."

Babu wanda ya tambayi yadda aka yi gidan ya rasa rijiya. Babu kuma wanda ya ambaci abin da duk layin ya sani, cewa zauren yana bakin hanya, kuma tuni Kawu ya kawo magini ya duba inda za a fitar da shaguna. Aka juyo ana kallon Huseina. Ta tuna bangon, ta tuna inda yaranta ke kwana, ta ce ta yarda.

"Madalla," in ji Kawu. "Saura abu ɗaya. Sai an kira safiyo ya auna. Abin da ya faru ya ishe mu darasi. Ni ba na sa kuɗina a abin da ban san iyakarsa ba."

Wallahi babu wanda ya yi dariya. Mukhtar ma cewa ya yi, "Gaskiya ne, Kawu."

Ranar awo aka fito wa Kawu da kujera aka ajiye a inuwa. Malam Mahdi ya kafa na'urarsa. An kira maƙwabta, an kira Jabiru, an kira mai unguwa, wanda yau tunaninsa garau yake. Mukhtar ne ya riƙe bakin igiyar awo, yana gudu daga kusurwa zuwa kusurwa, yana tambaya ko ya ja sosai.

"A ja da kyau," in ji Kawu. "Kada a bar ko taƙi ɗaya. Zamanin nan ba a yarda da kowa."

"Yaya akwai tsantseni," Inna ta gaya wa Jannatu. "Shi ya sa dukiyarsa take albarka."

To ina kunyar ta shiga? Ina rashin ladabin da aka ce yana cikin igiyar awo? Igiyar nan dai ita ce, mai awon shi ne, gidan shi ne, dangin su ne. Abin da ya sauya kawai shi ne wanda zai fitar da kuɗi. Da mace ce za ta fitar, marainiya, baƙuwa a dangi, awo cin mutunci ne. Da dattijo ne zai fitar, awo ya zama hankali. Irin wannan cuta ba a yin ta da wuƙa, da fatiha ake yin ta, a gaban shaidu, kuma a ƙarshe wanda aka cuta shi ake jira ya yi godiya.

Huseina tana tsaye a gefen a-kori-kurar da ta ɗauko haya, an ɗora katifa mai shatin ruwa, da turmi, da kaskon suya, yara a sama. Ɗaki ɗaya ta samu a wani gidan haya a hanyar Yalwa.

Da aka kafa turke na ƙarshe, Kawu ya kira ta. Ya zaro kuɗi daga aljihun babbar riga, ya juya wajen safiyo.

"Malam Mahdi, nawa ne aikinka?"

"Dubu ɗari da ashirin, Alhaji. Siminti ya tashi, mai ya tashi."

Kawu ya tsotsi yatsa, ya zare su daga cikin kuɗin Huseina, ya miƙa masa. Sauran ya ajiye a gabanta.

"Kin san a tsakanin 'yan'uwa mai sayarwa ke biyan awo, 'yata."

Ta dubi Mukhtar. Yana can ya duƙufa yana naɗe igiya, bai ɗago ba. Ta durƙusa ta ɗauki abin da ya rage, ta ƙulle a bakin zani. Malam Mahdi ya ce zane zai fito cikin mako, wa zai kai wa?

"Ni za ka kawo wa," in ji Huseina. Muryarta ta fito da ƙarfi har kowa ya juyo. "Tunda ni na biya."

Kawu ya dube ta da mamaki na gaskiya, irin na mutumin da bai taɓa cutar kowa ba.

"Ikon Allah. Me za ki yi da zanen gidan da ba naki ba?"